Jeren da Na Yi wa Kayan Kimiyya

A gidanmu na Unguwar Kanawa akwai kwanukan da na tashi na girma, har aka kai ni ɗakin miji, ban taɓa ganin abinci a cikinsu ba. Suna jere a kabad mai gilashi a ɗakin Inna: farantan tangaran masu zanen fure, da kofunan shayin da ba su san ɗumin shayi ba, da wasu samiru da ake gogewa duk ranar Asabar da tsumma mai laushi. Mu kuwa a tsofaffin kwanukan silba muke ci, duk sun lotse. Da zarar ɗayanmu ya kai hannu kusa da gilashin sai Inna ta ce, "Na baƙi ne." Baƙi sun yi ta zuwa, tun daga dangin Baba na Zariya har abokan aikinsa na sakatariya, amma ban ga ranar da aka yi baƙon da ya isa a buɗe masa kabad ɗin ba. Baba ma akawu ne irin na da, wanda idan aka ba shi biro biyu a ofis zai yi aiki da ɗaya har ya ƙare, ɗayan ya mayar ranar da zai bar kujerar. A hannun mutanen nan biyu na koyi cewa mutumin kirki shi ne wanda aka ba shi abu ya mayar da shi yadda aka ba shi. Ban kawo wannan don in ɗora musu laifina ba, Allah ya jiƙansu. Na kawo ne don a san inda na gado halin.

Na yi shekaru masu yawa ina koyar da kimiyya a wata firamare ta gwamnati da ke wajen Rafin Guza, daga aji huɗu zuwa aji shida. Yaranmu 'ya'yan masu ƙananan sana'o'i ne, kafintoci da teloli da masu faci da masu sayar da kayan miya, kuma sukan cika aji har wasu su zauna a bakin ƙofa. Kayan aikina alli ne da allo da murya. Ina da hannun zane, wannan kam ba yabon kai ba ne. Idan na zana fure a allo, na ja kibiya na rubuta sunan kowane sashe, har malamai sukan leƙo ta taga su gani. Abin da muke yi da hannu bai wuce wake ba: mu shuka a gwangwanin madara, ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin benci, mu jira mu ga wanne zai yi kore wanne zai yi fari. Shekara da shekaru waken nan shi ne kimiyyarmu.

Sai wata shekara wata ƙungiya ta kawo mana gudummawa. Manyan kwalaye uku aka sauke daga mota, aka yi jawabai a ƙarƙashin darbejiyar da ke gaban ofis. Biyu kayan kimiyya ne: mayen ƙarfe, da kwalaben gwaji, da ma'aunin zafi, da ƙwarangwal na roba, sannan uwa uba madubin likita, baƙi mai nauyi a cikin akwatinsa na katako, na'urar nan da ake sa ido a ga ƙananan halittun da ido ba ya gani. Kwali na uku kayan wasanni ne, ƙwallaye da jesuna kala huɗu da igiyoyin tsalle da agogon auna gudu.

Hedimastanmu dattijo ne mai tsoron takarda fiye da tsoron maciji. Da baƙin suka tafi ya sa aka kwashe tsofaffin rajistoci daga kabad mai gilashi da ke ofishinsa, ya kira ni ya miƙo min mabuɗi.

"Malama, ke na yarda da ke," in ji shi. "Amana ce. Duk ranar da masu kayan nan suka dawo, ina so su tarar da su yadda suka bar su."

"In sha Allahu, ranka ya daɗe," na ce.

Wuni guda na yi ina jere. Na shimfiɗa farar takarda a kowane hawa, na sa kwalabe daga manya zuwa ƙanana, ƙwallaye a ƙasa, jesuna a ninke cikin ledarsu, madubin a tsakiya inda ido zai fara sauka. Da na gama malamai mata suka shigo kallo, ɗaya ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa ta ce amarya ta tare. Muka yi ta dariya. Ni kuwa wallahi daɗi na ji har cikin raina, ban ga komai a maganar ba sai yabo.

A cikin 'yan aji huɗu na shekarar akwai wata yarinya, 'yar wani mai walda da ke da rumfa a bakin titi kusa da makaranta. Siririya ce mai dogayen ƙafafu, kuma bakinta ba ya gajiya da tambaya. Ita ce ta tone wakenta tun bai yi ganye huɗu ba, wai tana so ta ga abin da saiwa ke yi a ƙasa, na yi mata faɗa ta ba ni haƙuri, washegari ta tone na ƙawarta. Ranar da na koya musu cewa a cikin ɗigon ruwa ɗaya akwai halittu masu rai da ke yawo, ta kafe ni da ido har aka tashi. Da safe sai ga ta da kwalba cike da ruwan rafin da ke bayan layinsu.

"Malama, ga ruwan," ta ce. "A sa a madubin mu gani."

"Ba yau ba. Kun yi ƙanana, za ku lalata shi. Sai kun shiga aji biyar."

Ba ta yi musu ba. Ta ɗora kwalbar a kan taga, kusa da gwangwanayen wake. Duk lokacin da ruwan ya yi kore ya fara wari sai ta zubar ta ɗebo sabo, ta mayar wurin. Ba ta sake tambayata da baki ba a shekarar, kwalbar ce ke tambaya, kuma kullum na shigo aji sai na gan ta.

Wanda bai bar ni na huta ba shi ne malamin wasanni, wani Bazazzagi da ya ɗan girme ni, mai faɗa da dariya lokaci guda. A lokacin muna da fili babba a bayan azuzuwa. Idan gasar shekara ta matso sai ya bi garejin makanikai yana roƙon baƙin mai, ya zo ya zana layukan gudu da shi a ƙasa. Yara kashi huɗu ne, gidan ja da kore da rawaya da shuɗi, kuma tunda ba riguna, ƙyallaye yake samowa wurin teloli a ɗaura wa kowa a dantse. Ƙwallonsu tsumma ne da leda aka ɗaure da roba. Idan ana tsere da baki yake ƙirga lokaci, yana bin yaran a guje da tumbinsa yana haki. Ranar gasa unguwa kan cika filin, masu awara da masu ƙanƙara su yi ciniki, iyaye mata su tsaya a bayan katanga suna ihu idan an zo tseren buhu. Ban taɓa ganin yaranmu da farin ciki irin na ranar ba.

'Yar mai walda a gidan kore take. Idan ta ɗaure hijabinta a ƙugu ta cire takalmi, ko mazan aji shida ba sa ganin ƙurarta. Malamin wasanni ya same ni ya ce yana so in ba shi agogon auna gudu, ya san ainihin saurinta, don ya ga ko za ta iya karawa da 'yan wasu makarantu. Na ce agogo abu ne mai laushi. Ya ce to ƙwallo fa? Na yi ta maza na ba shi ɗaya. Ko sati bai rufa ba ƙwallon ya faɗa kan waya mai ƙaya ya fashe. Hedimasta ya rubuta masa takardar tuhuma, sai da ya nemo wani irinsa aka mayar cikin kabad sannan aka samu zaman lafiya.

"Ka gani ko, Malam?" na ce masa. "Abin da nake gudu ke nan."

"Malama, ƙwallo ba tangaran ba ne," ya ce. "Wanda ya fashe a ƙafar yaro ya yi aikinsa. Naki na cikin gilashi su ne matattu."

Na yi sati biyu ban ce masa komai ba in ban da gaisuwa. Na gaya wa duk wanda zai saurara cewa mutumin ba shi da tattali, irin su ne ke kashe kayan gwamnati. Malamai da yawa sun goyi bayana, don su ma a gidajen da ke da kabad suka tashi.

Yarinyar tana aji biyar masu kayan suka aiko cewa za su zo. Sati guda muna shara da wanke-wanke. Ranar da suka iso aka fito da komai. Aka sa wa yara jesuna suka jeru a fili, kowane gida da ƙwallo ɗaya a hannun na gaba, an ja musu kunne kada wanda ya kuskura ya buga. A ajina na jera kayan kimiyya a kan tebur, na kuma zaɓi 'yar mai walda ta tsaya a gaban madubin, don ta fi kowa kai. Da na gaya mata sai ta yi tsalle ta nufi taga za ta ɗauko kwalbarta. Na ce ta bari, ba a buƙata. Na koya mata jimla ɗaya da Turanci, mai ma'anar tana ganin ƙwayoyin cuta, ta maimaita har ta zauna mata.

Baƙin suka shigo, hedimasta a gaba yana murmushin da bai kai ciki ba. Yarinyar ta sunkuya ta ɗora idonta. Ta daɗe a haka, ta sauya ido, sannan ta ɗan juyo ta yi min raɗa.

"Malama, duhu ne."

Na dafa kafaɗarta kamar mai lallashi, na matsa da ƙarfi. "Faɗi abin da na koya miki."

Ta faɗa. Aka tafa mata, wani ya ɗauki hoto. Kafin motarsu ta kai titi an tuɓe wa yara jesunan, na ninke su na mayar cikin leda. Bayan 'yan watanni aka aiko mana da kalanda, ga ta nan a jiki, ido a kan madubi, ni a tsaye a bayanta da hannu a kafaɗarta. Aka ba ta guda ta kai gida.

A nan ne ya kamata in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa ko mijina ba. Ban san yadda ake aiki da madubin nan ba. A kwalejin horon malamai zana shi muka yi daga allo, muka haddace sunan kowane sashe, muka ci jarrabawa. Na gaskiyar yana kulle a wani ɗaki, ta taga muka taɓa hango shi. Wata rana bayan an tashi daga makaranta na shiga ofis na turo ƙofa, na fito da namu na leƙa. Ban ga komai ba sai duhu da inuwar gashin idona. Na murɗa nan na murɗa can, wani abu ya yi ƙara, na mayar da shi da sauri na kulle. Takardar bayanin da ke cikin akwatin ma ba da Turanci aka rubuta ta ba. Akwai sakandare kusa da mu, akwai masu gwajin jini a asibitin unguwa, tambaya ɗaya ta isa. Amma yaya malamar kimiyya mai shekara goma sha biyar a bakin aiki za ta je ta ce a koya mata abin da take koyarwa? Kunya ta hana ni. Na samu amana na ɓuya a bayanta, kuma wurin ya yi min daidai, don ba wanda zai zargi mai tattali.

Bayan kalandar ta fito da 'yan kwanaki, mahaifin yarinyar ya zo makaranta. Yana cikin kayan aikinsa masu ƙone-ƙone, tabarau baƙi a goshi, kalandar a nannaɗe a hannunsa. Ya tsaya a bakin ajina ya yi sallama, ya rusuna ya gaishe ni, ko da yake ya girme ni.

"Malama, a kan madubin nan na zo," ya ce yana warware kalandar. "Na daɗe ina duba hoton nan. Akwai wani ɗan abu da na lura da shi, na ce ko..."

Yara duk suna kallo.

"Malam, wannan ba ƙofa ba ce, ba kuma taga ba," na ce. "Kayan kimiyya ne. Kowa ya tsaya a kan sana'arsa."

Ya dube ni, ya dubi 'yarsa da ta sunkuyar da kai. Ya nannaɗe kalandar a hankali. "Haka ne. Allah ya ba da haƙuri, Malama," ya ce, ya juya ya tafi. Ranar na koma gida ina jin na kare mutuncin aikina.

Aji biyar ya wuce da uzuri, aji shida ma na ce su bari a gama jarrabawar fita, kada hankalinsu ya rabu. Da aka gama jarrabawar yarinyar ta same ni a gaban 'yan aji ta ce, "Malama, saura kwana huɗu mu tafi." Ba ni da sauran wurin gudu. Na ce ranar Alhamis, ranarsu ta ƙarshe, za a fito da madubin kowa ya leƙa. Na faɗa ne da niyyar kafin ranar zan je a koya min. Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Ranar Laraba har na isa ƙofar sakandaren, na hango wata malama da muka yi kwaleji tare, na gaishe ta na ce wucewa nake.

Ranar Alhamis na shigo aji na tarar kowa ya zo da abinsa. Wani gashin kaza, wani fiffiken fara, wata ɓawon albasa, wani gishiri a takarda, wani ma ƙwarƙwata ya kawo a kwalin ashana, 'yan aji suna ta tsokanarsa wai daga kansa ya ciro. Sun jera benci sun yi layi da kansu ba tare da an ce su yi ba. 'Yar mai walda ce a gaba, da sabon ruwa a kwalba. Malamin wasanni ma ya zo ya jingina a bakin ƙofa, wai shi ma bai taɓa gani ba.

Na buɗe jakata na fara lalube. Mabuɗin yana cikin ƙaramin aljihu mai zif, inda yake kullum. Yatsuna suka taɓa shi, na ji sanyinsa. Na ci gaba da lalube, na fito da biro da carbi da hankici na zube a tebur.

"Kash," na ce. "Na manto mabuɗin a gida."

Sai yarinyar ta ajiye kwalbar, ta fara ɗaure hijabinta a ƙugu.

"Malama, in ruga in karɓo? Na san gidanki a Unguwar Kanawa. Kafin a tashi na dawo."

Kuma da ta dawo ɗin, na sani. Na ce gidan a kulle yake, babu kowa. Na ce su yi haƙuri, a sakandare za su ga wanda ya fi wannan. Malamin wasanni ya dubi jakar, ya dube ni, ya saɓa usur ɗinsa ya fita. Yaran suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ta taga na ga yarinyar ta je gindin darbejiya ta juye ruwan, ta girgiza kwalbar, ta tafi da ita.

Shekarun da suka biyo baya ba su da wani labari mai daɗi. Yara suka ƙara yawa, aka gina azuzuwa a rabin filin. Daga baya aka yi katanga da shaguna a ɗaya gefen, abin da ya rage bai wuce wurin tsayuwar safe ba. Gasar shekara ta mutu ba tare da wani ya sanar da mutuwarta ba, aka daina ne kawai. Malamin wasanni aka ba shi wani darasi na cikin aji, ya rame, dariyarsa ta ragu, ya yi ritaya, bai daɗe ba ya rasu. Na je ta'aziyya na zauna cikin mata na yi addu'a. Ban taɓa ce masa ya yi gaskiya ba.

Da lokacin ritayata ya zo, aka buɗe kabad ɗin a gaban sabuwar shugabar makaranta da wata matashiyar malama da za ta gaje ni. Wari ne ya fara fitowa. Ƙwallayen iska ta sace, robar ta tsattsage, wasu sun manne da juna. Jesunan sun yi funfuna a cikin ledarsu. Batir ya zube a cikin agogon ya cinye shi. Madubin kuwa, danshin damina shekara da shekaru ya shige shi, wani farin abu kamar yanar gizo ya rufe gilasan daga ciki. Amma komai yana nan, ba abin da ya ɓace.

"Irinku sun yi ƙaranci, Hajiya," in ji shugabar. "Ko allura ba ta ɓata ba."

A walimar bankwana har takardar yabo aka ba ni saboda riƙon amana. Na karɓa da hannu biyu, aka tafa. Na ga matashiyar malamar ta goge gilashin kabad ɗin da gefen mayafinta, ta kulle, ta jefa mabuɗin a ƙaramin aljihun jakarta ta ja zif. Ni kuwa na naɗe takardar yabona na tafi gida.

Bara na je Kinkinau barkar haihuwa. Ina fitowa daga gidan na ji an kira ni, "Malama." Wata mata ce doguwa da goyo a baya, tef ɗin awo rataye a wuyanta. Sai da ta yi dariya na gane ta. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta ce lallai sai na shiga ɗakinta na sha ruwa. A hanya ta ba ni labari: ta yi sakandare shekara uku, can ma zane aka yi musu a allo, daga nan ta koyi ɗinki, yanzu 'ya'yanta uku. Mahaifinta ya rasu. Na tambaye ta gudu fa, ta ce sai dai bayan yara.

A bangon ɗakinta, sama da keken ɗinki, ga hoton nan na kalanda, an yanke shi an sa a firam. Ta ƙwala wa babbar 'yarta kira, yarinya 'yar kimanin shekara tara, siririya kamar ita.

"Ga Malamar da nake ba ki labari," ta ce. "Kullum kina damuna da tambaya, to yau ga mai amsa."

Yarinyar ta gaishe ni, ta nuna hoton. "Malama, wai me Mama ta gani a ciki? Ita ta ce in tambaye ki."

Na yi niyyar in ce ƙwayoyin cuta, bakina ya saba. Amma na gaji. Na ce mata, "Ba ta ga komai ba, 'yar nan. Ni ma ban taɓa ganin komai a ciki ba. Ban iya aiki da shi ba."

Na zaci uwar za ta yi mamaki ko ta ɓata rai. Sai ta yi ɗan murmushi tana gyara goyonta.

"Na sani, Malama. Baba ya gaya min tun a lokacin." Ta miƙe ta ɗora yatsa a kan hoton. "Kin ga ɗan madubin nan zagayayye da ke ƙasa? Ya ce a kife yake. Juya shi kawai ake yi ya kalli taga, haske ya shiga. Abin da ya zo faɗa miki ke nan."

Na sa tabarau na matsa kusa. Ga shi nan ƙuru-ƙuru, ya ba taga baya. Na zana ɗan madubin nan a allo ya fi a ƙirga, na ja masa kibiya, na rubuta sunansa, na ba da maki a kansa.

"Me ya hana ki faɗa min?" na ce. "Kina aji shekara guda bayan nan."

"Ina ni ina gyara wa Malama? Kuma Baba ya ce kada in ba ki kunya a gaban yara."

Ba wanda zan ɗora wa laifi. Ita kuwa ta ce ba zan tafi ban ci komai ba, ta dafa shinkafa da wake. Ta ciro wani ɗan mabuɗi daga ƙarƙashin keken ɗinki, ta nufi kabad mai gilashi da ke kusurwar ɗakin, ta buɗe, ta ɗauko farantin tangaran mai zanen fure, har da takardar kanti a manne a bayansa. 'Yarta ta matso da sauri, ta miƙa hannu za ta karɓa ta kai madafi.

"A'a, za ki fasa," in ji uwar. "Na baƙi ne."

Da kanta ta ɗauraye shi ta zubo abincin, ta ajiye a gabana, ta ce tun da aka yi mata jere ba a taɓa ci a cikinsa ba sai yau. Yarinyar ta koma gefe ta zauna, ta haɗe hannayenta a cinya tana kallon farantin. Na ɗebi cokali ɗaya na kai baki, na yi ta tauna, ya ƙi wucewa.